Guntayen Kala a Hannun Gajere

Ni ce na kai ledar guntayen kalar nan garinmu Faru, wannan kam ba mai ƙwace mini. Amma idan na ce da wata dabara na kai ta, na yi ƙarya. Maƙo ne kawai irin nawa, ba na iya zubar da abu.

Sunana Fiddausi, ina koyar da 'yan shekara huɗu zuwa biyar a wata makaranta a Talata Mafara. Duk wanda ya taɓa zama da irin waɗannan yaran ya san abin da suke yi wa kalar zane, wannan mai kaki da wasu ke ce wa kirayon. Ka ba yaro sabuwa fil da safe, kafin a fita tara ta zama uku. Wani ya ɓare mata takarda, wani ya gwada ta da haƙori ko alewa ce, wani kuma sai ka ciro ta daga hancinsa. Da ta gajarce har yatsa ba ya kama ta, sai ƙasa. Ni kuwa in bi ina tsincewa ina faɗa, ina jefawa a leda. Shekara guda ina haka har leda ta cika. Da aka ba da hutu na cusa ta cikin kayana, na ce yaran maƙwabtanmu na gida sa ɓata bango da ita.

Mahaifina Gajere ake ce masa, kuma ba ƙazafi aka yi masa ba, tun ina aji shida na kere shi. Sana'arsa zanen ƙwarya. Yakan zauna da kaskon garwashi a gefe, ƙarafunansa a ciki sun yi ja, ya ɗauko ɗaya ya bi bayan ƙwarya da shi, hayaƙi yana tashi, zane yana fitowa baƙi wuluk. Daga Maradun har Bakura matan Fulani sun san hannunsa. Akwai wadda za ta yi wata uku tana jiran tasa, ga ƙorai nan jibge a kasuwa.

Sai ido ya fara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara, abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba bai daina aiki ba, yana yi da lalube, har ranar da bakin rigarsa ya faɗa kasko bai sani ba. Da Inna ba ta kusa da tulu, da yanzu wani labarin nake ba ku. A ranar yayanmu Auwalu, wanda shi ne babba, ya kwashe kasko da ƙarafunan ya kulle a akwatinsa, ya ce Baba da wuta sun rabu. Na goyi bayansa, har ma na fi shi zaƙewa, don a gidanmu ba wanda ya kai ni baki.

Shekara biyu Baba yana zaune a rumfa. Masu wucewa su ce sannu, ya ce yauwa. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ya ƙara ƙanƙancewa. Inna ta ce loma uku yake yi ya ture kwano. Ba ciwon da za ka nuna ka ce ga shi, mutum ne kawai yake ƙarewa a zaune, muna kallo. Na san a raina idan aka ci gaba a haka ba zai ƙara damina biyu ba, kuma na san da hannuna a ciki.

To, ranar da na iso lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Na ajiye ledar a kan guntun kwanon rufi da Inna ta rufe akurki da shi, na shige ɗaki na manta da ita. Wajen azahar Baba ya taso yana laluben butarsa, hannunsa ya sauka a kan leda. Ina jin muryarsa daga ɗaki.

“Hiddausi, minene wanga mai taushi?”

Na fito na ga aika-aika. Guntayen sun yi laushi, na ƙasan ma sun manne da juna. Na ce, “Tarkacen yara na, Baba. Kalar zane ta, rana ta ɓata ta. Bari in zubar.”

Bai ba ni ba. Ya mintsino kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

“Ai kaki na. Wane launi a hannuna?”

“Ja na.”

“Ja irin na mi? Na goro ko na barkono?”

Na ce na barkono. Ya jinjina kai, ya koma rumfa da ledar a hannu, butar ma ya manta da ita.

Washegari ya sa Inna ta ciro masa farar ƙwarya cikin ragowar waɗanda ke rataye a ɗaki. Yaya Auwalu ya kwashe ƙarafunan wuta, amma bai tuna da 'yar wuƙar da Baba ke yankan farce da ita ba. Da ita ya fara. Babban yatsansa na hagu yana gaba, wuƙa tana biye, yana tona 'yan siraran hanyoyi a bayan ƙwarya. Idan ya gama layi sai ya shafa ya ji, ya auna tazara da farce, ya kama na gaba. Na tsaya a kansa ina jiran in ga jini. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Launi kuwa aikin Inna ne. Ya fasa wata tsohuwar ƙwarya ya yi sakaina shida, kowace ya yi mata tsaga a baki: tsaga ɗaya ta ja, biyu ta kore, uku ta shuɗi, haka har shida. Inna ta zauna tana ware guntayen tana zubawa kowane a sakainarsa, tana mita.

“Shekara arba'in da shida ina ware tsakuwa cikin gero, yau kuma an kai ni ga ware abin wasan yara.”

“Ki dai ware, Taiba. Kak ki haɗa man shuɗi da kore.”

“To wa za shi gani?”

“Mai saye za ta gani.”

Da hantsi a jera sakainun a kan kwanon akurki, rana ta tausasa su. Sai ya taɓa baki ya ƙirga tsaga, ya ɗibo, ya dinga danna kalar cikin zanen da yatsa, sannan ya kankare abin da ya hau sama da bayan wuƙa. Ciki kuwa bai taɓa sa mata komai ba, ya ce nan wurin nono ne.

Ba don ubana ne ba, ban taɓa ganin ƙwarya irin ta farkon nan ba. Zanen nasa ne sak, 'yan kusurwoyin nan da ke bin juna har su zagayo su haɗe ba ka gane inda aka fara. Amma maimakon baƙi, sai ga ja da ruwan ɗorawa suna bin juna, kore ya yi musu iyaka. Mutumin da ba ya bambance fuskata da ta Inna shi ya jera wannan, daga abin da ke cikin kansa. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa madalla, wata har da share hawaye. Na lura ko sau ɗaya bai amsa musu da daɗin rai ba.

Da hutu ya ƙare ya gama guda biyar. Ya ce in kai kasuwar Mafara ranar Talata, layin masu ƙorai, kuma ya kafa mini sharaɗi.

“Kak ki ce ma kowa ba ni gani. In an saya, a saya don ƙwaryar.”

Ban yi rabin sa'a a layin ba wata dattijuwar Bafulatana ta tsaya a kaina, doguwa, siririya, mai kallon mutum kamar ya ci mata wani abu. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta sake juyawa.

“Wagga hannun Gajere ta. An ce man ya bari.”

Na ce ya dawo, ni ɗiyarsa ce. Ta ce sunanta Adama, rugarsu tana gefen Bakura, kuma ƙoran aurenta ma shi ya zana. Ta ɗauki biyu, ta tambayi inda nake aiki, ta wuce. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Talata ta zagayo, an tashi yara ke nan, sai ga ta a bakin makaranta. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta kwance ƙunshi ta miƙo mini. Na ga ƙwarya kamar an yi mata amai. Jan ya gangaro cikin koren, wani wurin ya fita fes ya bar rami, wani wurin ya taru ya daskare. Ta kuma buɗe mini gefen zanenta, duk ya ɓaci.

Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Ƙwaryar nono ba a wanke ta da ruwan sanyi. Sai an ƙona ta da tafasasshen ruwa don kada nono ya lalace, sannan a kife ta a rana. Kowace Bafulatana haka take yi kullum, Baba ma ya fi kowa sani. Amma shekara hamsin yana zane da wuta, zanen da ruwan zafi ba ya yi wa komai, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Mu ma da muke da ido ba wanda ya tuna.

Raina ya ɓaci, kuma kunya ce ta koma fushi. Na ce, “Goggo, ai ƙwaryar ado ta, ba ta aiki ba. Wa yac ce ki zuba mata ruwan zahi?”

“Ƙwarya ta ko hoto? In hoto ta, ai sai ki hwaɗa man tun ranar.”

Nan na karya alkawari. Na rage murya na gaya mata Baba ba ya gani, shekara biyu yana zaune, wannan aikin ne ya tashe shi, don Allah ta rufa mana asiri ta bar maganar a nan. Na ɗauka jikinta zai yi sanyi. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Idonai na yat tahi. Kunnenai hwa?”

“Lahiya lau.”

“To ki kai ni.”

Ranar Asabar muka hau babura biyu sai Faru. Duk hanya ina shirya abin da zan gaya mata idan ta kuskura ta ci masa fuska. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, shanu, zafi, hanya, waɗanda suka rasu tun rabuwarsu. Ko sau ɗaya ba ta ce masa sannu da ido ba. Da suka gama ta ɗora masa ƙwaryar a cinya.

“Malam Gajere, wanga ba aikinka na ba. Sau ɗaya niƙ ƙona ta, diba abin da tay yi. Ta ɓata man zane. Da wani yay yi ta da ban zo ba, sai in jehwa ta bayan garke.”

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya bi ƙwaryar da yatsa a hankali, layi bayan layi, yana tsayawa duk inda kala ta fita. Ya daɗe yana yi.

“Gaskiyarki, Adama. Kalar bisa taz zauna, ba ta shiga naman ƙwaryar ba. Laihina na. Ki ba ni wata guda.”

“Wata guda. In ba ta yi ba, zan hwaɗa maka ba ta yi ba.”

“Na sani. Don haka nic ce ki dawo.”

Bayan tafiyarta na fara zazzaga, ina cewa tsohuwar nan ba ta da tausayi ko kaɗan. Ya bar ni sai da na gaji.

“Hiddausi, shekara biyu kowa madalla shika ce man. Ko kashin kaza nil liƙa ma ƙwarya, madalla za ku ce. Yau anka yi man magana irin ta masu sana'a.” Ya juya wajen madafa. “Taiba, akwai sauran tuwo?”

Ya cinye kwanon tas, ya nemi ƙari. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Matsalar ita ce maganin abin wuta ne. Baba ya ce zafin rana tausasa kala kawai yake yi. Sai an bi zanen da ƙarfe mai zafi, kakin ya narke ya zama ruwa, naman ƙwaryar ya shanye launin, sannan a goge sauran. Da Yaya Auwalu ya ji, ya ce sam. Ya ce ya ga rigar nan tana ci da idonsa, ba zai sake gani ba, kowa ya ce masa mugu ya yarda. Ban ga laifinsa ba. Baba bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai, ya tura sakainun gefe da ƙafa. Na san wannan zaman.

Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, ko magana ba ta cika yi masa kai tsaye ba. Ni ta kalla.

“Hiddausi, hwaɗa ma wancan, Malam anka hana ma wuta, ba ni ba. Ni tun ina ɗiya shekara tara nika wasa da ita sahe da marece, ba ta taɓa cin zanena ba. Shi riƙe ƙwarya, ni in riƙe ƙarhe.”

Inna ba ta taɓa taɓa kayan aikin Baba ba, kullum ma tsiya take yi masa, wai hayaƙinsa ne ya baƙanta mata ɗaki. Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauko wata tsohuwar wuƙar yankan kuɓewa da ƙotarta ta fita, ta naɗa mata tsumma, ta cusa bakinta a murhu. Kwana biyu tana fama da wannan wuƙar, a na uku aka wayi gari ƙarafunan Baba suna jingine a ƙofar madafa. Cikin dare Yaya ya fito da su daga akwatinsa.

Duk ƙarshen mako ina zuwa, kuma ban taɓa ganin aiki mai faɗa irin wannan ba. Baba yana zaune taku uku daga murhu, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinsa, yana juya ta. Inna ta ciro ƙarfe ta bi layi. Da hanci yake gane zafin.

“Ɗaga, Taiba, kin ƙona shi. Ba ƙosai kika suya ba.”

“Kai ka ji wari, ni ka gani.”

“To mi kig gani?”

“Na ga ya ƙone.”

Sun ɓata ƙorai tara. Wata ta tsage, wata launin ya dafe ya koma kamar miyar kuka. A hankali suka gano sai ya zurfafa zanen, ƙarfen kuma kada ya yi ja, a bar shi ya ɗan huce. Bayan an goge da tsumma, su da kansu suke ƙona ta da ruwan zafi har sau uku, duk abin da zai fita ya fita tun a gida. Launin da ya rage bai kai na da ƙyalli ba, amma ya zauna a jikin ƙwaryar. Ni aikina neman guntaye. Na bi malaman ajujuwa ɗaya bayan ɗaya, har wata ƙawata da ke koyarwa a Morai ta aiko mini da nata.

Ranar da wata ya cika Adama ta zo da kanta, ba wanda ya je ɗauko ta. Mai babur ya ce zai jira a ƙofar gida, amma a yi sauri, ba ya son yamma ta yi masa a hanya. Aka gaisa. Baba ya miƙa mata ƙwarya guda. Ba ta yaba ba, ta ce a ɗora ruwa.

Ita ta sauke tukunyar da hannunta, ruwan yana tafasa. Ta kife ƙwaryar a kan turmi ta kwarara mata, tururi ya tashi. Ta juya ta cika cikinta, ta zubar, ta sake kifewa ta ƙara kwarara mata. Baba yana zaune ya miƙa wuya, ba abin da yake samu sai ƙarar ruwa. Ban taɓa jin tausayin mutum da alfahari da shi a lokaci guda kamar ranar ba.

Adama ta kama farin gefen mayafinta ta murza bayan ƙwaryar da ƙarfi, kamar mai cuɗa ƙafa. Ta ɗaga mayafin ta duba. Fari tas. Na so in yi magana, Inna ta take mini ƙafa.

“Ta zauna,” in ji Adama.

Baba ya sauke numfashi. Ita kuwa ba ta gama ba, tana ta juya ƙwaryar kusa da idonta.

“Amma nan ƙasa, wajen gindi, layin ga na ukku ya karkace. Bai haɗu da ɗan'uwanai ba. Da can ba ka yin haka.”

Na ji jinina ya hau. Mutum ba ya gani, ya yi wannan, ki zo kina neman layi na uku a gindin ƙwarya, inda ko kaza ba ta leƙawa?

“Miƙo,” in ji Baba.

Ya kai yatsa wurin, ya bi layin, ya dawo, ya sake bi. Fuskarsa ta ɗaure.

“Taiba, kin ga wanga ba ki hwaɗa man ba?”

Inna ta kau da kai. “Na gani. Nic ce ba komi.”

“Da komi.”

Adama ta miƙa hannu. “Kawo hakanan, na ɗauka. Mai babur na jirana.”

Baba ya janye ƙwaryar ya matse ta a tsakanin gwiwoyinsa, ya laluba aljihu ya ciro wuƙarsa.

“Ba ta hita gidan ga da karkataccen layi. Hiddausi, shimhiɗa mata tabarma, ki kai ma mai babur hura. Taiba, hura wuta.”

Adama ta yi tsaki, ta ce tun yana da ido haka yake shanya mutane, ta gyara zane ta zauna. Ni kuwa na ɗauki kwanon fura na nufi ƙofar gida, sai da na tsaya a zaure na gama kukana sannan na fita.